Ban Ruwa Mai Sarrafa Kansa: Ma'aunin Danshi da Ƙwaƙwalwar Lantarki a Noman Rani na Galtimari

1.0 GABATARWA

Duk mai noman rani yana kwana yana tashi da tambayoyi biyu, wato yaushe ya kamata a ba shuka ruwa, kuma nawa ya kamata a ba ta. Tun daga zamanin jigo har zuwa zamanin injin fetur, manomi ne ke amsa waɗannan tambayoyi da idonsa da hannunsa. Yakan dubi ganye ya ga ko ya fara yaushi, ko ya tona ƙasa da ɗan yatsa, ko kuma ya damƙi ƙasar a tafin hannu ya ga ko za ta dunƙule. A 'yan shekarun nan an sami wasu ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi waɗanda ake binnewa a gona su auna danshin ƙasa, sa'an nan su kunna injin ban ruwa ko su kashe shi ba tare da mutum ya taɓa ba. Ɗalibai a sassan koyar da aikin injiniya na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan sukan harhaɗa irinsu a matsayin aikin kammala karatu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda waɗannan na'urori ke aiki, da abubuwan da za su sa su yi amfani ko su kasa a wuri irin Galtimari da ke Maiduguri. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, na'urar lamba kawai take karantawa, ma'anar lambar kuwa sai an samo ta daga ƙasar gonar da aka binne ta a ciki, tare da taimakon manomin da ya san wannan ƙasa. An fara da bayanin wurin da halin da ruwansa ke ciki, sai yadda ƙasa ke riƙe ruwa, sai sassan na'urar da yadda ake daidaita ta, daga nan aka dubi matsaloli da matakan da suka dace a bi.

2.0 GALTIMARI DA RUWANTA

Galtimari unguwa ce a kudancin birnin Maiduguri, a cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno, kusa da kogin Ngadda. Wannan kogi yana fitowa ne daga fadamun Sambisa, ya biyo ta Alau, ya ratsa Maiduguri, sa'an nan ya baje a fadamar Jere inda ake noman shinkafa. A bakinsa da kewayen tafkin Alau an daɗe ana yin lambuna na tumatir da albasa da tattasai da alayyafo da latas, waɗanda ake kai wa kasuwannin birnin.

Damina a wannan yanki gajeriya ce. Ruwan sama yakan sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 da wani abu ba. Sauran watannin duk rani ne, kuma a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos. Saboda haka duk wani ɗanyen ganye da aka gani a kasuwa daga Nuwamba zuwa Mayu, ban ruwa ne ya samar da shi.

Tarihin yankin ya nuna cewa ba a iya dogara da yawan ruwa. A shekarar 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi mai hedkwata a Maiduguri, wadda ta tsara babban shirin ban ruwa na Kudancin Chadi a wajen Marte, domin noma fiye da hekta 60,000 na alkama da shinkafa. Amma tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye sakamakon farin shekarun 1970 da 1980, har ya bar bakin magudanar shirin a kan busasshiyar ƙasa. Madatsar ruwa ta Alau kuwa, wadda aka kammala a 1986 domin shayar da Maiduguri da kuma ban ruwa, ta jawo ambaliya a 1994, sa'an nan ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa, ciki har da Galtimari da Fori da Gwange. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina ta.

Baya ga wannan, akwai batun kuɗin ɗago ruwa. Daga shekarun 1980 ƙananan injuna masu shan fetur da gajerun rijiyoyin burtsatse suka fara maye gurbin jigo a fadamun Arewa, kuma shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990 ya ƙara yaɗa su. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Maiduguri cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Har ila yau, rikicin da ya ɓarke a 2009 ya raba manoma masu yawa da ƙauyukansu, suka tare a Maiduguri da kewayenta, abin da ya ƙara matsi a kan 'yan filayen da ke kusa da gari da ruwan da ke ƙarƙashinsu. A irin wannan hali, kowace lita da aka zuba wa shuka ba tare da tana bukata ba asara ce ta ruwa da ta mai da ta taki gaba ɗaya.

3.0 YADDA ƘASA KE RIƘE RUWA

Kafin a fahimci abin da na'ura ke aunawa, wajibi ne a san yadda ruwa ke zama a cikin ƙasa. Ƙasa tana da 'yan ƙananan ƙofofi a tsakanin ƙwayoyinta, kuma a cikinsu ne ruwa da iska ke zama. Idan aka cika fangali da ruwa, duk ƙofofin sukan cika, iska ta fita. Bayan yini ɗaya zuwa uku, ruwan da ke manyan ƙofofi yakan tsiyaye ya yi ƙasa, ya bar wanda ƙwayoyin ƙasar suka iya riƙewa. Wannan matsayi shi za a kira ƙoshin ƙasa a wannan maƙala. Daga nan saiwa ta shiga zuƙa, rana da iska kuma suna ɗiba, har a kai matsayin da sauran ruwan ya manne wa ƙwayoyin ƙasa ta yadda saiwa ba ta iya fizgo shi. A nan shuka ke yin yaushin da ba ta farfaɗowa, wato matsayin mutuwar shuka. Ruwan da ke tsakanin waɗannan matsayi biyu shi ne kaɗai rabon shuka.

Yawan wannan rabo ya danganta da irin ƙasar. Jigawa mai yawan rairayi tana shan ruwa da sauri, tana kuma sakinsa da sauri, don haka abin da take ajiyewa kaɗan ne. Ƙasa mai laka tana iya ajiye ninki biyu ko fiye. Manoman Barno sun daɗe da sanin wannan, domin kuwa a kan baƙar lakar nan da ake kira firgi ne suke dasa dawar masakwa bayan ɗaukewar ruwa, ta girma har ta nuna a cikin rani da danshin da ƙasar ta ajiye kawai.

Ba a jira sai rabon ya ƙare kafin a yi ban ruwa, saboda tun kafin a kai can shuka ta fara wahala. Bisa ƙa'idar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1998, albasa da latas suna bukatar ruwa da zarar kimanin kashi 30 cikin 100 na rabon ya tafi, tumatir kashi 40, alkama kuwa tana jurewa har fiye da rabi.

Ga misali domin ƙarin haske. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. A ɗauka cewa wata jigawa tana ajiye milimita 80 a kowace mita ta zurfi, kuma saiwar albasa ta tsaya a santimita 30. Rabon albasar ke nan milimita 24, kuma kashi 30 cikin 100 na wannan kimanin milimita 7 ne. Idan a ranar zafi gonar tana rasa milimita 7, to sai an ba ta ruwa kullum. Idan kuwa ƙasar mai laka ce da ke ajiye milimita 160, wannan albasa za ta yi kwana biyu ba ta bukaci ruwa ba. A gona mai faɗin rubu'in hekta, milimita 7 ɗin nan lita 17,500 ne. Duk abin da aka ƙara a kan wannan zai wuce saiwa ya yi ƙasa, ya tafi da takin zamani, musamman yuriya. Haka kuma idan ruwa ya daɗe kwance, saiwa takan rasa iska, albasa ta ruɓe. Tumatir ma idan ana barinsa ya bushe sa'an nan a cika shi da ruwa, 'ya'yansa sukan tsage ko su yi baƙin tabo a gindi.

4.0 SASSAN NA'URAR

Na'urar ban ruwa mai sarrafa kanta ta ƙunshi sassa uku: ma'aunin danshi wanda ke cikin ƙasa, da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ke yanke hukunci, da makunni wanda ke zartar da hukuncin a kan injin ruwa.

4.1 Ma'aunin Danshi

Akwai hanyoyi uku da suka fi shahara. Ta farko ita ce auna ƙarfin zuƙar ƙasa. Ana amfani da wani bututu da aka cika da ruwa, mai kan tangaran a ƙasansa da agogon awo a samansa. Idan ƙasa ta bushe sai ta riƙa zuƙo ruwan ta cikin tangaran ɗin, allurar agogon ta motsa. Wani masani ɗan Amurka, L. A. Richards, yana cikin waɗanda suka inganta wannan hanya tun wajen shekarun 1930. Kyanta shi ne tana auna wahalar da saiwa ke sha kai tsaye, amma idan ƙasa ta bushe ƙwarai iska takan shiga bututun ya daina aiki sai an sake cika shi.

Hanya ta biyu ita ce auna yadda lantarki ke ratsa ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, busasshiya kuwa tana tare shi. A 1940 Bouyoucos da Mick suka fito da dabarar binne wayoyi biyu a cikin ɗan curin farar ƙasa domin wannan awo. Irin wanda ya fi araha a kasuwa yau shi ne mai ƙafafu biyu na ƙarfe kamar cokali mai yatsu. Aibinsa biyu ne: lantarkin da ke bi ta cikinsa yana cinye ƙarfen cikin 'yan makonni, kuma gishiri ko kanwa ko takin zamani da ke cikin ƙasa suna ƙara gudun lantarki, sai ma'aunin ya nuna akwai ruwa alhali ƙasa ta bushe.

Hanya ta uku ta dogara ne a kan ƙarfin da kowane abu ke da shi na riƙe cajin lantarki. Idan aka ba iska maki 1 a wannan awo, ƙwayoyin ƙasa suna samun tsakanin 3 da 5, ruwa kuwa kimanin 80. Saboda wannan tazara mai yawa, ɗan ƙarin ruwa kaɗan yakan sauya awon ƙasar baki ɗaya. Binciken da Topp da abokan aikinsa suka buga a 1980 shi ya kafa alaƙar da ke tsakanin wannan awo da yawan ruwan da ke cikin ƙasa. Ma'aunin da ke bin wannan hanya a lulluɓe yake, ƙarfensa ba ya taɓa ƙasa, don haka ya fi daɗewa, kuma shi ya fi dacewa da ƙaramin manomi.

4.2 Ƙwaƙwalwar Lantarki

Wannan wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule a cikin ƙwaya ɗaya wadda ba ta wuce girman ɗan yatsa ba. Irinta ce ke cikin mitar wutar lantarki ta kati da injin wanki da motocin zamani. An fara sayar da ita a kasuwa a shekarun 1970, amma abin da ya kawo ta hannun ɗalibai da masu gyaran rediyo shi ne allon Arduino da aka ƙirƙira a garin Ibireya na ƙasar Italiya a 2005, sai kuma ESP32 da wani kamfanin Shanghai ya fitar a 2016, wanda ke iya haɗuwa da intanet.

Aikin ƙwaƙwalwar shi ne ta karɓi ƙarfin lantarkin da ma'auni ya aiko, ta mayar da shi lamba. A allon Arduino Uno lambar tana kamawa daga 0 zuwa 1023, a ESP32 kuwa daga 0 zuwa 4095. Sa'an nan ta bi jerin umarnin da aka rubuta mata, wanda a taƙaice yake cewa: a karanta lamba, idan ta kai iyakar bushewa a kunna ruwa, idan ta dawo iyakar ƙoshi a kashe, a jira 'yan mintoci a sake karantawa. Dalilin sanya iyaka biyu maimakon ɗaya shi ne, idan iyakar ɗaya ce injin zai riƙa kunnuwa yana mutuwa a kai a kai duk lokacin da lambar ta yi rawa a bakin iyakar, wanda hakan ke ƙona shi. Akan ƙara wasu sharuɗɗa, kamar hana injin wuce wani adadin mintoci a kunne ko da lambar ba ta sauya ba, domin kada ma'auni ya lalace gona ta cika da ruwa.

4.3 Makunni da Injin Ruwa

Wutar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa ba ta wuce ta kunna ɗan ƙaramin ƙwan fitila ba, ba za ta iya juya injin ruwa ba. Saboda haka akan sanya makunni a tsakani, wanda ƙaramar wuta ke motsawa shi kuma ya haɗa babbar wuta. Makunnin yana iya kunna injin da ke aiki da lantarki, ko ya buɗe bawul a bakin bututun da ya fito daga tankin da aka ɗora a sama. Wutar da ke riƙe na'urar kanta akan samo ta daga ƙaramin farantin sola da batir. Idan aka ƙara wani sashe mai ɗaukar layin waya, na'urar tana iya aika wa manomi saƙon tes ta sanar da shi halin da gona ke ciki.

5.0 DAIDAITA NA'URA DA ƘASAR GONA

A nan ne mafi yawan irin waɗannan na'urori ke cin nasara ko su faɗi. Idan allo ya nuna 500, wannan lamba ba ta nufin ƙoshi, ba ta kuma nufin ƙishi, har sai an san irin ƙasar. Lambar da ke nufin wadatar ruwa a jigawa tana iya zama lambar yaushi a firgi, saboda laka tana iya ƙunsar ruwa mai yawa amma ta riƙe shi ta hana saiwa. Akan ga mai harhaɗa na'ura ya gwada ma'auni a cikin iska ya kira lambar bushewa, ya tsoma shi a kofin ruwa ya kira lambar ƙoshi, sa'an nan ya raba tsakani. Wannan gwaji yana nuna cewa ma'aunin yana da rai, amma bai faɗi komai game da gona ba.

A ɗakin gwaje-gwaje, irin na Jami'ar Maiduguri ko na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, hanyar da ake bi ita ce a ɗebi ƙasa daga gefen ma'auni a auna nauyinta, a busar da ita a tanda mai zafin digiri 105 na tsawon awa 24, a sake aunawa. Bambancin nauyin shi ne ruwan da ke ciki. Idan aka maimaita haka a matakan danshi daban-daban, sai a san abin da kowace lamba ke nufi a wannan ƙasa.

Akwai kuma hanyar da za a iya bi a gona ba tare da tanda ba. Da farko a binne ma'auni a zurfin da mafi yawan saiwa take, a danne ƙasa ta manne masa sosai. Na biyu, a shayar da wurin har ya ƙoshi, a rufe shi da ciyawa ko leda domin kada rana ta ɗiba, a jira yini ɗaya idan jigawa ce, ko biyu zuwa uku idan laka ce, a rubuta lambar. Wannan ita ce iyakar ƙoshi. Na uku, a bar gona ta ci gaba da bushewa ana rubuta lamba kowace safiya, har ranar da gogaggen manomi ya tona ƙasa daidai zurfin ma'aunin, ya damƙa, ya ce lokacin ban ruwa ya yi. Lambar wannan rana ita ce iyakar bushewa. Idan aka maimaita sau uku ko huɗu aka ga lambobin sun yi kusa da juna, sai a shigar da su cikin umarnin na'ura. Ta haka za a ga cewa abin da na'urar ke zartarwa dare da rana hukuncin manomin ne, an dai mayar da shi lamba.

Wannan daidaitawa ba a yin ta sau ɗaya a huta. Saiwar tumatir a makon dashe ba ta wuce 'yan santimita ba, amma idan ya girma takan nutsa fiye da rabin mita, don haka ya fi kyau a binne ma'auni biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na saman yana faɗin lokacin kunnawa, na ƙasan kuma idan ya jiƙe ƙwarai alama ce ruwa ya fara wuce saiwa. Haka nan ambaliya takan kwashe ƙasa a wani wuri ta jibge rairayi ko laka a wani. Gonar bakin Ngadda da ruwan 2024 ya bi ta kanta tana iya kasancewa da wata ƙasa dabam da wadda aka sani a da, saboda haka lambobin da aka samu kafin ambaliya ba abin dogara ba ne bayanta.

6.0 MATSALOLIN DA KE TATTARE DA WURIN

Matsala ta farko ita ce irin injin da ke hannun manoma. Injin fetur da igiya ake tayar da shi, kuma sau da yawa sai an ɗura masa ruwa kafin ya fara ja. Babu makunnin da zai yi wannan aiki. Ke nan na'urar ba ta da abin da za ta kunna sai an koma ga injin sola ko tanki mai bawul, kuma kuɗin waɗannan ya ninka na na'urar kanta sau da yawa.

Ta biyu ita ce tsarin rabon ruwa a gona. A lambun gargajiya ruwa yana bin 'yar magudana, mutum yana tsaye da fartanya yana buɗe bakin wannan fangali yana toshe na wancan. Ko an kunna injin daga nesa, sai an sami mai juya ruwan. Na'urar ta fi dacewa da ban ruwa na ɗigo, wato wanda ake shimfiɗa siraran tiyo masu huji a gindin shuka, dabarar da Simcha Blass ya inganta a Isra'ila har aka fara sayar da ita a shekarun 1960. Shi ma ɗigon yana bukatar matata, domin ruwan kogi mai laka yana toshe hujin.

Ta uku ita ce halin ƙasa. Firgi yana dararrashewa idan ya bushe, kuma idan tsaga ta biyo ta jikin ma'auni, iska zai auna maimakon ƙasa, ya nuna bushewar da ta wuce gaskiya. Bugu da ƙari, ma'auni ɗaya ba ya jin abin da ya wuce 'yan santimita a kewayensa, alhali gona ɗaya tana iya haɗa tudu da kwari. Idan aka binne shi a kwari, shukar tudu za ta sha wahala.

Ta huɗu ita ce yanayi. Zafin bazara yana rage tsawon ran batir, ƙurar hunturu tana rufe farantin sola, ɓera yana cin waya, ruwa kuma yana shiga ta saman ma'aunin da ba a toshe da kyau ba. Ga kuma ɓarayi, domin faranti da batir kaya ne masu saurin shiga kasuwa. Idan na'ura ta tsaya a watan Maris ba a lura ba, kwana biyu sun isa a rasa latas ko sabon dashe a jigawa. Don haka dole a bar hanyar kunna ruwa da hannu, a kuma sami mai gyara a kusa.

Akwai kuma wani al'amari da ya shafi jama'a baki ɗaya. Mai injin fetur tsadar mai ce ke sa ya kashe injinsa. Mai injin sola kuwa babu abin da ke matsa masa, yana iya barin ruwa na zuba tun hantsi har la'asar. Idan masu irin wannan injin suka yi yawa a wuri ɗaya, ruwan gajerun rijiyoyi zai riƙa yin ƙasa, wanda ya fara rasawa kuwa shi ne mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya ƙara zurfin rijiyarsa ba. A nan ma'aunin danshi yana da muhimmin aiki, domin shi ne zai maye gurbin birkin da tsadar mai ke takawa.

7.0 MATAKAN DA SUKA DACE

Idan aka yi la'akari da abubuwan da suka gabata, za a ga cewa ba lallai ne a fara da cikakkiyar na'ura ba. Mataki na farko shi ne awo kawai. Misali mai kyau shi ne ma'aunin Chameleon, wato hawainiya, wanda Richard Stirzaker da abokan aikinsa suka ƙera a hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Ostareliya. Ba ya nuna lamba, launi yake nunawa: shuɗi idan ƙasa ta jiƙe, kore idan da sauran danshi, ja idan ta bushe. An gwada shi da ƙananan manoma a Tanzaniya da Mozambik da Zimbabuwe, kuma da yawansu sun rage yawan ban ruwan da suke yi bayan sun ga cewa ƙasan gonarsu a jiƙe yake ko da samanta ya bushe. Wannan mataki ba ya bukatar sauya injin ko tsarin fangali, kuma wanda bai yi karatun boko ba yana iya amfani da shi.

Mataki na biyu shi ne na'urar ta riƙa sanar da manomi ta waya, shi kuma ya yanke hukunci. Wannan yana rage zirga-zirga zuwa gona, yana kuma ba da damar gwada amincin lambobin na tsawon rani guda. Mataki na uku, wato barin na'ura ta kunna ta kashe da kanta, ya dace ne da inda aka riga aka sami injin sola da tanki da tiyon ɗigo, kamar wurin renon iri, da lambun makaranta, da gonar ƙungiyar manoma da suka haɗa kuɗi.

A kowane mataki akwai bukatar a haɗa mutum uku: masanin ƙasa, da mai harhaɗa na'ura, da manomi. Haka kuma saƙon da na'ura ke aikawa da takardar bayanin yadda ake amfani da ita ya kamata su kasance cikin Kanuri da Hausa, harsunan da manoman Jere ke magana da su.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ƙasa ke riƙe ruwa, da yadda ma'aunin danshi da ƙwaƙwalwar lantarki da makunni ke haɗuwa su gudanar da ban ruwa. An nuna cewa a Galtimari da sauran lambunan bakin Ngadda, inda ruwa ke ƙaranci a wata shekara ya yi ɓarna a wata, kuma kuɗin ɗago shi ya ninka tun 2023, akwai dalili mai ƙarfi na auna abin da ake zuba wa shuka. An kuma nuna cewa harhaɗa na'urar shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Abin da ya fi wuya, kuma ya fi muhimmanci, shi ne samo iyakar ƙoshi da iyakar bushewa ga kowace irin ƙasa da kowane irin amfanin gona, da sake duba su duk lokacin da ƙasar ta sauya. Aikin da ke gaban cibiyoyin bincike na Maiduguri shi ne su tattara waɗannan lambobi na jigawa da fadama da firgi tare da manoman da ke noma su, su kuma wallafa su cikin harsunan da manoman ke karantawa.